Gicciyen Kakin Tangi

Brest, cikin jirgin La Sterne, watan Maris 1779

Yaya Barba,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka raba da gida ba da son ransa ba. Da fatan kina lafiya, ke da yaran, da surukarki Inna Seza da ƙafar nan tata. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tafin hannu da igiya ta saluɓe. Mijinki Tangi ma lafiya, har ƙiba yake yi a kan biskit mai tsutsa, shi kaɗai ya san sirrin.

Na san ba ke za ki karanta wannan ba. Fada Riwal ne zai riƙe ta nesa da hancinsa, ya juya miki ita daga Faransanci zuwa yarenmu. To Fada, sannu da aiki. Kai ka ce ɗan masunci ba ya bukatar karatu, ni kuma na koya a jikin gangunan kaya da wani yagaggen littafin matuƙa. In ka ga kuskure, ka haɗiye shi.

An zuba mu a firgat. Ki gaya wa matan tsibirinmu na Eusa su daina cewa jiragen Sarki duk ɗaya ne. Manyan nan masu hawa biyu na igwogi bijimai ne, sai su tsaya a jere su yi ta dukan juna. Mu karen farauta ne: hawa ɗaya na igwa, ciki siriri, filafilai har kusa da gajimare. Aikinmu gudu, mu kai saƙo, mu leƙo abokan gaba mu komo. Kyaftin ya tara mu ya ce firgat ba ta tsayawa don kowa. Yana faɗa yana murmushi, kamar shi ya haife ta.

Ragayar barci ɗaya ake ba mutum biyu. In ɗaya yana aiki a sama, ɗayan yana kwance, da an kaɗa ƙararrawa sai a yi musanya. Duk yawan mutanen jirgin nan, da wa aka haɗa ni? Da mijinki. Ba ma ganin juna sai a kan tsani, yana hawa ina sauka. Jiya ya ce, "Ƙanin mata, ka bar mini ƙuma a gado." Na ce, "Naka ne, mijin yaya, ubansu suka zo nema." Amma gaskiya ɗaya: kullum da ɗumi nake tarar da ragayar, kuma a wannan sanyin ba ƙaramin abu ba ne.

Ya ce ki gyara katangar gonar yamma kafin tumakin maƙwabta su shiga sha'ir. Na ce masa tun kafin ya aure ki kike gyara katanga. Ba a gaya mana inda za mu ba.

Ƙaninki,
Gwenole

*

Fort-Royal, tsibirin Martinik, watan Mayu 1779

Yaya Barba,

Gaisuwa, da fatan wannan ta same ki a zaune. Ina lafiya. Zazzaɓin ƙasar nan ya kwantar da mutane da yawa, ni bai taɓa ni ba.

Kin san ban iya kwana-kwana ba. Tangi ya faɗa teku.

Ba mu yi nisa da gida ba, ko gaɓar Sifen ba mu wuce ba, wani babban jirgin 'yan Ingila ya biyo mu da sassafe. Ya fi mu igwogi nesa ba kusa ba, mu kuma saƙo muke ɗauke da shi, don haka sai gudu. Aka ce kowa ya hau sama a ƙara filafilai. Tangi yana can ƙarshen sandar filafili, jirgin ya yi wani mugun tangaɗi, igiyar da yake takawa ta tsinke. A idona ya faɗa. Ya taso, na ga kansa da hannu ɗaya. Na yanke ɗaurin akurkin kajin kyaftin na tura masa, da kajin da komai. Na ga ya kama. Jirginmu ko rage gudu bai yi ba.

An yi mini bulala saboda kajin. Ba ita ke hana ni barci ba, ragayar ce. Yanzu tawa ce ni kaɗai, duk sanda na sauko sai in tarar da ita da sanyi.

Takarda ta cika, ga ta biyu.

Allah ya tsine wa kyaftin ɗin jirgin nan, shi da gashin aron da yake ɗorawa a ka, da uban da ya nemo masa muƙamin. Allah ya tsine wa masu zama a fada suna tura 'ya'yan mutane teku kamar suna watsa wa kaji tsaba, har da Sarkin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa da ruwan gishiri ba. Na riƙe rigar mataimakin kyaftin na ce a sauke kwalekwale, ya dube ni kamar kare ne ya yi magana. Da ɗan gidan sarauta ne ya faɗa, da mun ga ko firgat tana tsayawa.

Kin san wanda ya tsaya? Ɗan Ingilan. Ina kallo daga bayan jirgi, da ya iso daidai inda akurkin yake sai na ga ya juya babban filafilinsa ya ba iska baya. Kowane ɗan jirgi ya san ba a yin haka a tsakiyar farauta sai in za a sauke kwalekwale. Da haka ma muka tsere masa. Mutanen da Fada ke cewa 'yan wuta ne, su suka bar ganima don ɗan Eusa.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Na san garinmu. Da an ji mutum ya faɗa ruwa, sai babban namijin dangi ya taho da ɗan gicciyen kakin zuma, a kwantar da shi a kan tebur a madadin gawa, a yi masa kuka, a raka shi coci. Kada a yi wa Tangi wannan al'adar tamu ta proella. Ni ban yarda kaki yana riƙe rai ko yana sakinsa ba, na yi karatun da ya ishe ni. Amma ba za a yi jana'izar mutumin da na bari yana numfashi ba.

Gwenole

*

Lambaol, Eusa, watan Agusta 1779

Ƙanena Gwenole,

Ina gaishe ka da hannun Fada Riwal. Yara lafiya, ƙaramin ya fara tafiya. Allah ya warkar maka da bayanka, kuma Allah ya saka maka da abin da ka yi wa Tangi. Duk tsibirin nan an san zancen akurkin.

Takardarka ta iso lokacin yankan sha'ir. Fada yana kaiwa wurin ragayar nan mai sanyi, Inna Seza ta zame daga kan benci. Daga ranar ba ta ƙara barcin kirki ba. Ta ce tana jin Tangi yana kira daga duwatsun yamma, yana neman a shigo da shi gida, don wanda ruwa ya ci ba ya hutawa sai an yi masa abin da ake yi. Na ce mu jira ka dawo. Ta ce, "Ke za ki iya jira, 'yar nan. Ni fa?"

Mun yi masa proella. Kawu Herve ne ya kawo gicciyen, muka kwantar da shi a kan hulata ta coci, mata suka cika gidan. An faɗi alherinsa da yawa, har da wanda ni ban sani ba. Washegari muka raka shi, Fada ya sa shi cikin akwatin da ke gefen bagadi. Na ɗinka jan ƙyallen takaba a hulata.

Inna Seza ta yi barci a ranar kamar jaririya. Ba ta kai ƙarshen wata ba ta rasu, cikin kwanciyar hankali.

Ka kama bakinka a jirgin nan. Kai kaɗai ka rage mini.

Yayarka,
Barba

Ƙari daga Fada Riwal: Ɗana, takardarka ta biyu ta fara da tsinuwa ga kyaftin da Sarki. Layi kaɗan na duba na naɗe ta, na ɓoye a inda ba mai gani. Irin wannan magana tana kai mutum ga igiyar rataya. Wata rana za ka gode mini.

*

Fort-Royal, watan Nuwamba 1779

Yaya Barba, ina gaisuwa, ina ta'aziyyar Inna Seza, Allah ya ji ƙanta. Lafiyata lau. Yanzu ki matsa gefe, da mai karatun zan yi magana.

Fada, godiyar da kake jira ga ta. Shekara nawa kana karanta mana littafin da ke cike da tsinuwa tun daga farko har ƙarshe, ba ka taɓa tsallake shafi ba, sai a takardar ɗan masunci tsoro ya kama ka? Wuyana nawa ne, ban ba ka ajiyarsa ba. Ka je ka ɗauko takardar nan daga ramin da ka tura ta, ka zaunar da yayata, ka karanta mata tun daga tsinuwar har sa hannuna. In harshenka ba zai iya furta zagin ba, ka yi tari a wurin ka wuce. Abin da ke ƙasa da zagin shi ne maganar. Jirgin 'yan Ingila ya tsaya a inda Tangi ya faɗa. Kun yi wa mutum jana'iza a kan rabin wasiƙa.

Yaya, ke ma da naki. Kin ga takarda biyu a hannunsa, kin ji karatu ya ƙare da wuri, ba ki tambaya ba? Ke da kike ƙirga tumaki daga nesa ki gane wadda ta ɓata.

Ki cire jan ƙyallen nan. Kakin kuwa ku bar shi inda yake, kaki ne, ƙudan zuma suka yi shi. Ni dai kada yaran su taso suna cewa ubansu ya mutu.

Ana maganar za a mai da mu gida bayan sanyi, jirgin yana shan ruwa.

Gwenole

*

Lambaol, watan Janairu 1780

Gwenole,

Muna lafiya, iska ce dai ta hana kwalekwale zuwa Brest, ban san yaushe wannan za ta tashi ba.

Fada ya karanta mini duka, bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ka bar shi haka.

Ka ce da nawa laifin. Ban ƙirga takardu ba, don a lokacin ina riƙe da kan tsohuwa a cinyata. Kai kuma da ka iya karatu, me ya hana ka fara da mijina, ka bar kyaftin zuwa ƙarshe?

Kai ka ce kaki ne. Mu nan mun san abin da ake faɗa: wanda aka yi wa proella yana da rai, ƙasa ta riga ta san sunansa, za ta yi ta jansa har ya zo. Ban ci abincin kirki ba tun ranar da na ji. In yana raye, da hannuna na raka shi. In kuma ya mutu na je na taɓa gicciyen, na mai da shi duwatsu yana kira.

Kada ka ba ni labarin filafilai, ban san su ba. Abu ɗaya nake tambaya. Ka ga an ciro shi daga ruwan da idonka, ko ba ka gani ba?

Barba

*

Brest, watan Afrilu 1780

Yaya Barba,

Gaisuwa. Mun iso, ina lafiya, an ja jirgin gyara amma ba a sallami kowa ba. Daga kan jigo ina hango inda Eusa take in gari ya yi haske, zuwa ne babu. Wasiƙarki na tarar tana jirana.

Ban gani ba. Hayaƙin igwarmu ta baya ya tokare, nisa kuma ya yi yawa. Na ga jirgin ya tsaya, ban ga kwalekwale ba, ban ga an ɗaga kowa ba. Na so in rubuta miki cewa na gani, har na tsoma alƙalami. Wannan ce amsar tambayarki.

Ga kuma abin da ba ki tambaya ba. An yi musayar fursunoni, jirgi ya sauke namu da aka tsare a Plymouth ta ƙasar Ingila. Na bi su ɗaya ɗaya a bakin tasha kamar mai bara. Wani Jakez, mutumin Konk, ya ce a kurkukunsu akwai wani da masu gadi ke kira Mai Kaji, don da akurki aka tsamo shi. Ba su zauna ɗaki ɗaya ba, bai san sunansa ba. Na ce yaya yake? Ya ce dogo, yarenmu yake yi irin na tsibiri. Na ce rabin mazan Eusa ke nan, malam, ka ƙara. Ya ce, "Kai yaro, kurkuku na je, ba zaɓen suruki ba." Na kusa shaƙe shi, sai na tuna shi kaɗai gare ni. Mutum nawa ne a tekun nan suka faɗa ruwa da kaji?

Na ce me ya sa ba a sako shi tare da ku ba? Ya ce ba ya iya tashi. Ciwon ƙirji. Ya ce da farko ƙato ne, har itace yake faskara wa masu gadi, sai wajen ƙarshen bazara, lokacin yankan sha'ir, ya kwanta, kullum yana ƙara narkewa, likitansu ya rasa dalili.

Ƙarshen bazara, Yaya. Na koma na duba watan da ke kan wasiƙarki ta farko, wadda kika ce an yi masa proella.

Na san kurkuku akwai danshi. Na san ciwon ƙirji ba ya tambayar coci kafin ya kama mutum. Duk na sani, ina iya yi wa kowa bayani a jirgin nan har ya gaji. Amma tun da na rabu da Jakez ban iya haɗiye biskit ba. Ki je ki ciro gicciyen. Ki yi mini dariya daga baya in kin so, ki gaya wa duk Lambaol cewa mai karatu ya ji tsoron kaki. Fada, ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙo. Ka buɗe mata akwatin.

An ce za a sake wata musayar kafin kaka. Wanda ya iya tsayawa da ƙafarsa shi ake sakowa.

Ƙaninki,
Gwenole

*

Lambaol, watan Mayu 1780

Ƙanena,

Muna gaishe ka, muna lafiya. Na ce wa Fada ya rubuta duk abin da na faɗa yadda na faɗe shi, ya ce to.

Ranar da takardarka ta zo ban ko sauke ƙwaryar nono ba na nufi coci. Fada ya ce tun da aka gina cocin nan ana sa gicciye a akwatin, ba a taɓa cirewa ba, kuma babu addu'ar cirewa a littafinsa. Na ce ya karanta rabin wata addu'ar, ai ya saba. Ya ɗauko mabuɗi.

Gwenole, ba ka taɓa leƙa akwatin nan ba, ni ma haka. Sai bishop ya zo ake kwashe su a kai maƙabarta, bishop kuwa rabonsa da ƙetaro ruwan nan tun kafin aurena. Suna nan tuli guda, kowanne tsawon yatsa, kaki iri ɗaya, hannu ɗaya ya yi su, babu suna a jikin ko ɗaya. Bayan Tangi an sa wasu, yaƙin nan bai bar mu ba, kuma duk wanda aka sa sai ya gangara cikin 'yan'uwansa. Na tsaya ina kallo. In na ɗauki wanda ba nasa ba, na tono mijin wata na jefa shi duwatsu, nawa kuma yana nan ana jansa. Na rufe akwatin na koma gida. Wannan kwanan ba na son in tuna shi.

Ranar Lahadi bayan sujada Fada ya ce maza su fita, masu jan ƙyalle su tsaya. Ya faɗa musu komai, har da takardar da ya naɗe, bai rage wa kansa ba. Matar Stefan ta ce ita ba ta yarda a taɓa ba, nata bai daɗe da samun hutu ba, ta fashe da kuka. Ban ga laifinta ba. Wata ta ce a juye duka a sake yi wa kowa, wata ta ce wa ya taɓa mutuwa sau biyu.

Sai Gwaggo Nonna Miniou ta dogara sandarta ta taso. Ka san ta da miji da 'ya'ya biyu a cikin akwatin nan. Ta ce, "Ni na fi kowa kaya a ciki, ni zan ɗauka. Wanda duk ya fito, na ba Tangi ne. In kuma lissafin sama bai karɓa ba, a cire daga nawa." Matar Stefan ta ce, "In na Stefan ne fa, Gwaggo?" Ta ce, "Sai tsohona ya ba shi wurinsa. Mutumin da bai taɓa kwana uku a jere a gida ba, fita ba za ta dame shi ba. Ya zo duwatsun ya yi ta kira, ina da maganar da ban gama gaya masa ba." Har matar Stefan sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Ta tura hannu ba ta duba ba, ta ciro ɗaya ta danƙa mini. Fada ya karanta addu'ar da ake yi wa matafiya.

Yana gida, na naɗe shi cikin rigar sanyin Tangi a kusa da murhu, ba kusa sosai ba. Na farke jan ƙyallen. Babban yaron ya tambaye ni ko babansa ya fasa mutuwa, na ce muna jiran jirgi.

Kai kuma ga aikinka. Duk jirgin fursunonin da ya shigo Brest, ka tsaya a bakin tsani. In an hana ka sauka, ka roƙa, kada ka zagi kowa, ba na son a ɗaure ka a ranar. Ka duba har waɗanda ake saukowa a kan katako. In ka rubuto, ka fara da shi a layin farko.

Yayarka,
Barba, matar Tangi